Ɗaki Ɗaya Da Mutari

Gidanmu a Dogarawa gidan kokowa ne. Tun ina ƙarama na san in an yi wa Yaya Dogo aski ba a barin gashin a ƙasa, Inna ke tattarawa ta binne bayan rumbu. Zanen da ya share zufa da shi ba ya bin wankin gida zuwa rijiya. In ya taka ƙasa mai laushi a garin da ba nashi ba, sai an bi sawun an shafe. Ko baƙunci ya je, ba ya kwana ɗaki ɗaya da wani ɗan kokowa, gara ya shimfiɗa tabarma bakin garke sauro ya cinye shi. Mu da munka tashi cikin abin ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Maigidana Zakariya'u bai tashi cikinshi ba. Ɗan Ƙonni ne, ɗan lakwal, wato ya yi makarantar boko, yana da shago kusa da tasha inda ake buga takardu da gyaran ordinatar, wato kwamfuta, ni kuma ina taya shi. Mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Amma in ya ga yana da gaskiya, ko jaki ya fi shi sauƙin juyawa.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshe ga Yaya, kowa ya san haka har shi. Furfura ta fara fito mishi a gemu, gwiwarshi ta hagu kuma ta daɗe da lalacewa. Ni ke gasa mishi ita da ruwan zafi kafin in yi aure, bayan ni da Inna babu wanda ya san yadda take. Sau nawa yana kaiwa bakin ƙofa a zaɓen waɗanda jihar Tawa ke turawa gasar takobi, babbar kokowar ƙasa, sai a rufe da shi a waje. Burinshi bai wuce ya shiga sau ɗaya ba, a kira sunanshi a gaban ƙasa duka, sannan ya kwance walki ya koma gona.

Wata ranar kasuwa ya zo shago. Sai da ya sunkuya kafin ya shigo. Ya ce Alhazanmu na Lome da Abijan suna ta neman bidiyon wasanninshi, masu shirya kokowa a Sakkwato ma suna tambayar inda za su gan shi. An ce mishi ana yi wa mutum shafi nashi na kanshi a intanet.

Maigida ya yi murna kamar an ba shi kujerar Makka. Ya jawo benci ya fara bayani.

"Yaya Dogo, shafi ma sai da wurin kwana. Akwai manyan injuna a ƙasashen waje, ba a kashe su dare da rana, can ake kama mishi masauki. Masaukin iri uku ne. Akwai na tarayya, kamar gidan haya, inji ɗaya shafuka da yawa. Akwai wanda ake yanka maka sashenka da ƙofarka da makullinka, amma shara da gyara duk naka ne. Akwai kuma inji sukutum kai kaɗai, wannan na manyan kamfanoni ne."

Yaya bai ji ko rabi ba. 'Yan kamasho sun cika bakin ƙofa suna yi mishi kirari, shi kuma yana ɗaga musu hannu yana tauna rake.

"Shafin farko ne, hotuna da bidiyo kaɗan," in ji maigida. "Na tarayya ya ishe ka, ga sauƙi, ga masu gidan ke kula da komi."

"Kai ne malamin abin," Yaya ya ce. "Zaɓa mini wanda ya dace."

Yana fita na tare maigida. Na ce, "Baban Mansura, tarayya da wa?"

Ya yi dariya. Ya ce da mutane ɗari-ɗari, wani mai sai da takalma a Dakar, wata lakwal a ƙasar da ko sunanta ban iya faɗi ba. Na ce to, in baƙi ne da ba su san Dogo ba ba su san kokowa ba, da sauƙi. Na bar maganar a nan.

Shafin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ga Yaya da walki da guraye, ga kayen da ya yi wa mutane a Tajaye da Illela. Inna da ba ta iya riƙe waya daidai ba, kullum sai ta sa an buɗe mata ta kalla.

Ana cikin haka sai ga Mutari. Mutari ɗan Badaguishiri ne, yaro sabon jini, wuya kamar turmi, shi ake cewa zai ɗauki wurin da Yaya ke nema. Ya zo shago tare da ɗan ma'abbanshi Wakili, wani siririn mutum mai bakin tsiya wanda ke yi mishi kirari a fili. Ranar na je suna, ba na nan. Sai da rana muna cin abinci maigida ke ba ni labari, yana jin daɗi wai aiki ya fara yaɗuwa.

"Wakilin nan yana da kai," ya ce. "Tambaya yake ta yi. Da na yi mishi bayanin masauki sai ya ce, inda ka aje na Dogo akwai sauran wuri? Na ce sosai, abin da na kama yana ɗaukar shafi fiye da ɗaya. Ya ce to nan suke so, ba wani wuri ba."

Na aje lomar da ke hannuna.

"Ka sa su?"

"Na sa su. Mi ya faru?"

"Ka kwantar da Yaya ɗaki ɗaya da Mutari, kana tambayata mi ya faru."

"Rashida, hoto ba zufa ba ne. Ba gashi ba ne. Lambobi ne cikin inji, kuma shafin wannan bai ganin na wancan."

"To su da sunka tsallake duk wuraren duniya sunka ce sai nan, lambobi sunka zo saye?"

Mun yi ta har tuwon ya huce. Na roƙe shi, na zage shi, na yi kuka. Ya ce shi ba zai kwashe aikin da ke tafiya lafiya ya kai masauki mai wuyar riƙo don tsoron abin da babu ba. Daga ƙarshe ya ce zai duba. Na san wannan zai duba ɗin, da shi ya duba rufin ɗakinmu har damina ta wuce.

Na yi tunanin in gaya wa Yaya. Amma wanda ya san ɗan kokowa ya san jin maganar shi ne dafin. In bai ji ba, ƙila ya shiga fili da zuciyarshi cikakkiya. Na kame bakina, ina addu'ar su Wakili su kame nasu.

Bayan an gama girbi anka haɗa babban wasa a Malbaza, Dogo da Mutari ne kan gaba. Mun je ni da maigida, muna zaune ɓangaren mutanen Dogarawa. Da la'asar fili ya cika har kan katanga, makaɗa na ta sheƙa ganga. Yaya ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya watsa bayanshi. Na dube shi na ce a raina yau Mutari zai ci ƙasa.

Sai Wakili ya karɓi lasifika.

Ya fara da kirarin Mutari kamar yadda anka saba. Can sai ya juya ya fuskanci ɓangarenmu, ya sassauta murya kamar mai ba da labari a majalisa.

"Mutanen Dogarawa, ku gaida mana maƙwabcinmu. Tun kafin gero ya nuna muke kwana ɗaki ɗaya da Dogo. Hotonshi na nan, namu na nan, inji ɗaya, ba katanga. Duk abin da malaminmu ke so ya samu. In kuna musu, ga surukinshi nan zaune, shi ya shimfiɗa mana tabarmar."

Fili ya ɗauki ihu. Yaya bai dubi Wakili ba, mu ya duba. Maigida ya miƙe yana girgiza hannu yana cewa ba haka abin yake ba, wa zai ji shi? Ni dai na ga kafaɗun Yaya sun sauka, kuma tun daga nan na san an gama.

Ba a daɗe ba. Sun sarƙe, Mutari ya sa mishi kai a haɓa har na ji ƙarar haƙora daga inda nake. Jini ya ɓalle. Yaya ya kai hannu neman ƙafa kamar mai lalube cikin duhu, shi da ke ɗauke ƙato kamar damin hatsi. Mutari ya shiga ƙarƙashinshi, ya ciccibe shi, ya maka da ƙasa. Bai tsaya nan ba, ya danna mishi gwiwa a ƙirji sai da alƙali ya janye shi.

Kafin a ɗaga hannun Mutari dutse ya fara tashi. Samarin Dogarawa sunka tsallaka igiya, na Badaguishiri sunka tare su da bencina. Na ga an fasa wa wani makaɗi ganga a ka, na ga wani dattijo yana rarrafe da kunne a yage. Wakili tuni ya shige motar wani Alhaji. Wani ya shaƙo wuyan rigar maigida ta baya, na gantsara mishi cizo a hannu ya saki. Da jandarma sunka harba barkonon tsohuwa muka samu muka kutsa, na ja shi kamar akuya har bakin hanya.

Duk da haka ba a rasa komi ba tukuna. Kaye ɗaya a Malbaza ba ya hana mutum zuwa zaɓen Tawa, kuma zaɓen na ƙarshen wata. Abin da nake ta faɗa wa kaina ke nan a mota.

Da sassafe maigida ya riga ni zuwa shago. Ko da na iso ya kwashe shafin Yaya kaf, ya kama mishi irin masaukin nan mai ƙofa da makulli. Idonshi ya yi ja. Ya ce, "Har yanzu ban yarda akwai wani abu ba. Amma na ga abin da magana ta yi."

Na ce, "Sai da anka yi ɓarin."

Hantsi ya ɗaga, tasha ta cika, sai ga Yaya a kan kabu-kabu. Leɓenshi a kumbure, rigar jiya ce a jikinshi da jinin a bushe. Na gaishe shi bai amsa ba. Ya shigo ya tsaya tsakiyar shago.

"Malamina ya ce a kawo mazubin da hotona ke ciki a wanke," ya ce. "Ɗauko injin."

"Yaya Dogo, na raba ku tun da asuba. Zo ka gani." Maigida ya juyo mishi fuskar ordinatar. "Yanzu kai kaɗai ne a..."

"Ban ce ka nuna mini ba. Inda na kwana da shi, shi nake so. Ɗauko."

"Ba ya nan. Ai na gaya maka tun farko, injin yana ƙasar waje. Ni kaina ban taɓa ganinshi ba."

"Ka sa ni cikin abin da ba ka taɓa gani ba."

"Haka ake yi, kowa haka..."

Yaya ya sa hannu ɗaya ya ɗauki ordinatar da ke gabanshi. "Wanga ne?"

"A'a."

Ya buga ta da bango. Ya ɗauki ta biyu. "Wanga?" Ya buga. Bai ɗaga murya ba ko kaɗan, tambaya yake kamar mai neman takalminshi a ƙofar masallaci. Injin buga takardu da mutum biyu ke ɗauka, shi kaɗai ya ɗaga ya sake shi a kan siminti. Gilashi ya watsu ya yanke ni a ƙafa. Ina ta cewa Yaya ka tsaya, Yaya don darajar Inna, kamar da bango nake.

Da ya rasa abin fasawa ya juyo kan maigida.

"Sun saye ka."

"Wallahi ba su saye ni ba."

"To kyauta ka ba da ni."

Ya damƙo shi a wuya ya ja shi waje, ƙafafunshi na jan ƙasa. Ya watsa shi kan teburin mai shayi, kofuna sunka tarwatse. Mutanen tasha sunka taru, direbobi da 'yan kamasho da fasinja, ƙarti sun fi a ƙirga, amma babu wanda ya matso. Wa zai tare Dogo? Wayoyi kawai sunka ɗaga, matsiyata.

Ya shimfiɗa hannun maigida na dama a kan teburin. "Da wanga ka yi?" Ya kama ɗan yatsa ya lanƙwasa shi baya. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Maigida ya yi wata ƙara da ban taɓa ji a bakin babba ba. Ya kama na biyu, shi ma ƙas.

"Ina injin?"

Maigida ba ya iya magana, yawu da hawaye kawai. Yaya ya waiwaya, ya ga dutsen da mai shayi ke fasa kan sukari da shi. Ya ɗauka da hannu ɗaya, ɗayan na danne da wuyan hannun maigida. Ya ɗaga.

Hannun nan shi ke ciyar da mu. Kuma na san Yaya, in ya fara ba ya tsayawa sai abin da ke gabanshi ya daina motsi.

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Ya ba ni baya, nauyinshi duk a kan ƙafar hagu. Na cire mayafi, na sunkuya, na ruga na sa kafaɗata a gefen gwiwar, daidai inda nake ɗora tsumman ruwan zafi. Na rungume ƙafar na ɗaga da duk ƙarfin da Allah Ya ba ni.

Gwiwar ta ba da wani sauti. Dutsen ya faɗi gefe. Yaya Dogo ya tafi da baya gaba ɗaya, ya faɗi warwas a tsakiyar tashar Ƙonni, ƙeyarshi ta bugi ƙasa, ni ina kanshi.

Tasha ta yi tsit, har injin wata mota da ke zaune ana jin shi. Can daga baya wani ya ce, "Ta kada shi." Wani ya yi dariya, sai dariyar ta bi taron. Wani ɗan kamasho, Allah Ya isa tsakanina da shi, ya zo ya kama hannuna zai ɗaga sama kamar alƙalin wasa. Na kwaɗa mishi mari.

Yaya bai taɓa ni ba. Ya ture ni a hankali, ya zauna, ya dube ni. Na so ya zage ni, na so ya mare ni, bai yi ba. Ya dafa tayar wata mota ya miƙe, ya ratsa mutane yana jan ƙafa. Ko da jandarma sunka iso ya tafi, maigida kuma ya ce shi ba ya ƙarar kowa.

Maɗori ya ɗaure yatsun biyu, ɗaya ya miƙe, ɗaya har yau a karkace yake. Bidiyon kuwa kafin azahar ya kai Lome. Abin da shafi bai yi wa Yaya ba a wata da watanni, wayoyin tasha sun yi mishi a wuni ɗaya. Na je Dogarawa, Inna ta amsa gaisuwata a tsaye ta ce yana gona. Takalmanshi na bakin ɗaki.

In za a maimaita ranar, zan sake shiga ƙafar nan, ban da wata hanya. Amma kada wani ya ce mini na yi jarumta. Na fi kowa sanin abin da na taɓa.

Na ji labari ya ɗaure gwiwar da roba yana fita gudu da safe. An ce Inna ta hana shi zuwa Tawa, ya ce sai ya je. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na ce mutane mantuwa gare su, in ya kada mutum biyu a jere shi ke nan an rufe zancen.

Ranar zaɓen muna shago muna ta haɗa abin da ya saura, maigida na riƙe sukurdireba da hagu. Na kunna rediyo, ana ba da wasan kai tsaye. Anka yi kaye biyu ko uku, sannan mai sharhi ya ce ga Dogo na Dogarawa nan ya shigo fili. Na ji ganga ta canza zuwa takenshi, taken da nake rawa da shi tun ban iya ɗaura zane ba. Na aje tsintsiya.

Sai wata murya ta taso daga cikin taron. Da fari ban gane abin da ake cewa ba. Ɓangare ɗaya ya ɗauka, ɗayan ya amsa, suna tafi suna bin gangar, har ta rufe muryar mai sharhin.

"Ra-shi-da. Ra-shi-da. Ra-shi-da."

Maigida ya kai hannu zai kashe, na riƙe shi.

Makaɗan sunka tsaya, taron bai tsaya ba. Mai sharhi ya ce Dogo yana tsaye tsakiyar fili. Ya ce abokin karawarshi ya matso, alƙali ya busa, Dogo bai sunkuya ba. Ina jin sunana yana ta fita daga bakin mutanen da ba su taɓa ganina ba. Sannan ya ce Dogo yana kwance gurayenshi, ya aje su a ƙasa, ya nufi ƙofa.

Anka kira mutum biyu na gaba, ganga ta ci gaba.